Daga gurguzun Nasir zuwa kasuwar COMESA: abin da Madinat Nasr za ta faɗa wa Kano da Maraɗi

Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, gardama ɗaya ce ta ƙi ƙarewa a tsakanin mutanenmu mazauna Alƙahira, daga ɗakunan ɗalibai har zuwa gidajen da 'yan kasuwa da masu jinya ke sauka: wai shin shiga ƙungiyar ƙasashe tana azurta ƙasa ne, ko kuwa ƙofa ce kawai ake buɗe wa mai ƙarfi ya shigo ya yi yadda ya so? Masu cewa tana azurtawa, hujjarsu ba ta wuce Poland. Ga ƙasa ta fito daga mulkin kwaminisanci a 1989 da dogayen layuka a ƙofar shagunan da babu kaya, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, yau tattalin arzikinta ya kai wajen dala tiriliyan ɗaya a shekara, alhali mutanenta ba su kai miliyan 40 ba. Masu musu kuwa cewa suke a je Kakuri a Kaduna, ko Sharaɗa da Bompai a Kano, a ga abin da buɗe ƙofa ya yi wa masaƙu.

Ni a ganina ba sai mun je Warsaw ba. Unguwar da da yawanmu muke zaune a cikinta, Madinat Nasr, ita ma 'yar gurguzu ce, kuma ƙasar da ta gina ta ta shafe fiye da shekara 25 tana shiga ƙungiyoyin kasuwanci ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta samu da abin da ta rasa duk suna nan a bakin titi, ga mai son gani.

Baƙi da dama suna ɗauka sunan Jamal Abdul Nasir unguwar ta ci. A zamaninsa dai aka yanke ta, amma Nasr ɗin nasara ce: Birnin Nasara. A 1959 aka kafa kamfanin gwamnatin da zai gina ta a kan hamadar da ke gabas da Abbasiyya, masanin zanen gine-gine Sayyid Karim ne ya tsara ta. Wanda ya saba da lungunan Husaini da na Azhar ta dauri, in ya shigo nan sai ya ga wata duniya dabam: tituna miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya, manyan benaye masu kama ɗaya, unguwanni kuma lamba aka ba su maimakon suna. Hayyus Sabi'i, Hayyus Samin, Hayyul Ashir da 'yan Afirka suka yi wa cincirindo, ba komai ba ne illa unguwa ta bakwai, ta takwas, ta goma. An buɗe babban filin wasa a 1960. Da aka yi dokar 1961 da ta shigar da likitanci da injiniyanci da aikin gona cikin Jami'ar Azhar, nan aka kawo sababbin tsangayoyin, kuma dalilin da ya tara yaranmu a nan ke nan har gobe. Gari ne da hukuma ta zana wa ma'aikatanta da hafsoshinta: ita ce mai fili, ita ce magini, ita ce mai ba da aiki, ita ce mai yanke kuɗin haya.

A yi adalci, Masar ba ta taɓa kiran kanta ƙasar kwaminisanci ba. Nasir ma ɗaure 'yan kwaminis ya yi ta yi, musamman daga 1959. Amma in ana maganar wa ke riƙe da dukiya, tazarar da ke tsakaninta da ƙasashen gabashin Turai ba ta da yawa. An ƙwace mashigin Suwais a 1956. A watan Yulin 1961 aka fitar da dokokin da suka mayar da bankuna da kamfanonin inshora da manyan masana'antu hannun gwamnati. An ƙayyade yawan gonar da mutum ɗaya zai mallaka. An yi wa duk wanda ya gama jami'a alkawarin aikin gwamnati. Tarayyar Sobiyet ta ba da bashi da injiniyoyi aka gina madatsar Aswan, aka faɗaɗa masana'antar ƙarfe ta Hilwan. Taken zamanin shi ne Masar za ta ƙera komai da kanta, daga allura har roka.

Abin da ba kasafai ake tunawa ba shi ne, lokacin da aka aza harsashin Madinat Nasr, ƙasar tana cikin wata tarayya. Daga Fabrairun 1958 Masar da Siriya ƙasa ɗaya ce. Dokokin Yulin 1961 ɗin nan suna cikin abin da ya fusata attajiran Dimashƙa da Halab, kuma kafin watan Satumba ya ƙare hafsoshin Siriya suka yi juyin mulki suka raba gari. Haɗakar farko ke nan, shekara uku da 'yan watanni ta yi.

Zamanin ya taɓa mu ma. Komai a lokacin Nasr ake sa masa: motar Nasr da ake haɗawa a Hilwan da lasisin Fiat, wadda ta zama tasi mai baƙi da fari ta Alƙahira, da kamfanin shige da fice na El Nasr da aka kafa a 1958 ya buɗe rassa a ƙasashen Afirka. 'Yan Yamai sun san dogon benen nan da ake kira El Nasr. To daga nan sunan ya je. Dattawan Kano da Damagaram kuma ba su manta da sashen Hausa na Rediyon Alƙahira ba. Wato kafin a san wani abu wai shi COMESA, Masar ta riga ta leƙa kasuwar Afirka, sai dai da ƙafar gwamnati ta je, siyasa a gaba, ciniki a baya.

Anwar Sadat ne ya juya akalar. Ya sallami masu ba da shawara na sojan Sobiyet a 1972, ya kawo siyasar buɗe ƙofa da suke kira infitah a 1974. Da ya gwada janye tallafin abinci a Janairun 1977, kwana biyu kacal aka yi ana tarzoma daga Iskandariyya har Aswan gwamnati ta lashe amanta. Duk wanda ya mulki Masar bayan nan bai manta da waɗannan kwana biyun ba. A nan Madinat Nasr aka harbe Sadat ranar 6 ga Oktoban 1981 yana kallon faretin soja, kabarinsa yana tsallaken titi, muna wuce shi a mota kullum. A shekarun ne kuma Misirawan da suka je ci-rani Saudiyya da Kuwait da Iraƙi suka dawo da kuɗin mai, suka cika titin Abbas al-Aƙƙad da na Makram Ubaid da dogayen benaye da kantuna. Birnin ma'aikata ya fara komawa birnin masu sayayya.

Babbar girgizar ta zo a 1991. Bayan Yaƙin Gulf ƙasashen Yamma suka yafe wa Masar kaso mai tsoka na bashinta, ita kuma ta sa hannu da IMF da Bankin Duniya, ta fitar da doka mai lamba 203 wadda ta ware kamfanonin gwamnati 314 don gyara ko sayarwa. Mutanen Najeriya da suka sha SAP ta Babangida daga 1986 ba sai an yi musu dogon bayani ba. An sayar da wasu da daraja, an sayar da wasu kamar kayan gwanjo. Shahararren kantin nan Umar Afandi an sayar wa wani kamfanin Saudiyya a 2006, kotu ta soke cinikin a 2011. Kamfanin motar Nasr ya daina ƙira a 2009, sai a ƙarshen 2024 aka sake kunna injinansa da haɗa manyan motocin safa. Ƙarfen Hilwan kuwa an rufe shi a 2021.

Akwai wani dattijo a benenmu da ya yi aiki a ɗaya daga irin waɗannan kamfanoni har aka sallame shi da abin da suke kira fanshon wuri. Ammu nake ce masa, shi kuma ya ce mini ya ibni, ɗana. In hira ta biyo ta kan zamanin da, ba ya yabon kayan da suke yi. Da bakinsa yake cewa firjin lokacin sai ka rubuta suna ka jira watanni, in ya zo kuma ƙara kamar injin niƙa. Abin da yake kewa shi ne sanin gobe. "Ya ibni," in ji shi, "albashin kaɗan ne, amma na san nawa burodi zai kai baɗi." Ban taɓa jin wanda ya taƙaita mini bambancin tsarin biyu kamar haka ba.

Sai aka shiga zamanin ƙungiyoyi. A 1998 Masar ta shiga COMESA, kasuwar bai-ɗaya ta gabashi da kudancin Afirka mai hedikwata a Lusaka, kuma tana cikin ƙasashe 9 da suka fara soke kuɗin fito a tsakaninsu a ƙarshen Oktoban 2000, tare da Kenya da Sudan da Zambiya da sauransu. A gefe guda ga yankin ciniki na ƙasashen Larabawa da aka kammala soke harajinsa a 2005. Ga yarjejeniyar ƙawance da Tarayyar Turai da aka sa wa hannu a 2001 ta fara aiki a 2004. Ga ta Agadir da Maroko da Tunisiya da Jodan. Ga ta Afirka baki ɗaya, AfCFTA, da aka rattaba a Kigali a Maris 2018. Ga BRICS a Janairun 2024. In da yawan katin ƙungiya ne ke kawo arziki, da Masar ta fi Jamus.

Mai karatu ya lura da shekarun nan biyu. A 1998 da Masar ta shiga COMESA, a shekarar Poland ta fara zaman tattaunawar shiga Tarayyar Turai. A 2004 da yarjejeniyar Masar da Turai ta fara aiki, ranar 1 ga Mayun shekarar Poland ta zama cikakkiyar mamba. Tare aka tashi, hanya ce ta rabu.

Mu fara da inda abin ya yi wa Masar daɗi. Kofin shayin da ake kawo maka a kowace gahawa ta Hayyul Ashir, baƙi wuluk da sukari cokali uku, ba a Masar aka noma ganyensa ba. Mafi yawansa daga Kenya yake, Masar na cikin manyan masu sayen shayin Kenya a duniya, bayan Pakistan. Yana shigowa ba haraji. Me ke komawa can? Taki, robobi, tayil, sabulu, magunguna, takarda, wayoyin lantarki, kayan gini. Dubi jerin da kyau: ganye ne ke shigowa, ƙirarren kaya ke fita. Shi ya sa Masar ke cin riba a cinikinta da ƙasashen COMESA. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce kaya ba zai ci gajiyar sassaucin ba sai an tabbatar a ƙasar mamba aka yi shi, ko an ƙara masa daraja gwargwadon kason da aka yanke, kuma sai da takardar shaidar asali. Wanda ba shi da masana'anta, me zai rubuta a takardar?

Masana'antun nan kuwa ba daga sama suka faɗo ba. Wasu tun kafin Nasir ne, kamar masaƙar Mahalla al-Kubra da Tal'at Harb ya kafa a 1927. Wasu na gurguzu ne. Wasu na 'yan kasuwar da suka taso bayan infitah ne, irin su El Araby mai kayan lantarki da Oriental Weavers mai darduma da Elsewedy mai wayoyi. Amma injiniyoyi da makanikan da suka riƙe su, da wutar da ta kunna su, gadon wancan zamanin ne da ake zagi. Gurguzu ya bar bashi da lalaci da ofisoshi cike da masu shan shayi, ya kuma bar mutanen da suka iya karanta zanen inji. Da aka buɗe ƙofar Afirka, da su aka fita. Elsewedy da Arab Contractors, wanda mutanen Najeriya suka sani da aikin hanya, su suka gina madatsar Julius Nyerere a Tanzaniya mai ƙarfin megawat 2,115. Abin dariyar shi ne Tanzaniya ta fice daga COMESA tun 2000. Ashe mai iya aiki ko ba katin ƙungiya ana nemansa.

Kada dai a zuzuta. Kaso mai yawa na abin da ake lissafawa a matsayin cinikin Masar da COMESA da Libiya da Sudan ne, maƙwabtan da ko babu yarjejeniya da su za a yi ciniki. Sannan ƙananan ma ba sa zama a ci su da daɗi: Kenya ta shafe fiye da shekara 20 tana roƙon a ɗaga mata ƙafa kan sukari don kada na waje ya kashe manoman rakenta.

Da aka juyo ta fuskar Turai kuma sai reshe ya juye da mujiya. A nan Masar ce ƙarama. Tarayyar Turai ita ce babbar abokiyar cinikinta, kuma abin da Masar ke saya daga can ya fi abin da take sayarwa. An yi ta rage haraji a hankali har ranar 1 ga Janairun 2019 motocin Turai suka fara shigowa ba kuɗin fito ko sisi. An samu ayyuka, ba a ce ba a samu ba. A cikin Madinat Nasr ɗin nan akwai yankin masana'antu da aka yafe wa haraji, inda kamfanin Leoni, wanda asalinsa na Jamus ne, ke harhaɗa wayoyin cikin mota ana kai wa masana'antun Turai. Da asuba za ka ga motocin ma'aikata, 'yan mata da samari, suna tururuwa can. Samsung na haɗa talabijin a Bani Suwaif yana fitarwa waje. Lemo da dankalin Masar sun cika kasuwannin Turai. Amma wayar a nan ake naɗe ta, motar a can ake ƙera ta, ta dawo nan a saya da dala.

Poland ma da irin wannan aikin ta fara, naɗe waya da ɗinka kujerar mota wa Jamusawa. To me ya raba su? Abin da na fahimta shi ne, kalmar ƙungiya ce ke ruɗar mu, don abu biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Abin da aka ba Masar rangwamen kwastan ne. Abin da aka ba Poland zama ɗan gida ne. Kafin ta shiga sai da ta kwashe dubban shafukan dokokin Turai ta mayar nata, daga yadda ake yanka a mahauta har yadda ake ba da kwangila, kuma akwai kotu a Luksambag da za ta hukunta gwamnatinta in ta saɓa. Mai zuba jari daga Munich ya san dokar da ya bari a gida ita zai tarar. Bayan ta shiga kuma ta zama ƙasar da ta fi kowace karɓar kuɗin tallafi daga asusun tarayyar, kyauta ba bashi ba, aka yi manyan tituna da layin dogo da magudanan ruwa, manoma suka samu nasu. Masar ma ta yi tituna da gadoji, duk wanda ya bar Madinat Nasr shekara goma da suka wuce in ya dawo sai ya ɓata saboda gadojin sama, ga kuma sabon babban birni a hamada. Sai dai da bashi aka yi mafi yawansu, bashin kuma da dala ake biya.

Sai maganar mutane, wadda ta fi shafar mu 'yan ci-rani. Ranar da Poland ta shiga, Ingila da Ireland da Sweden suka buɗe wa 'yan ƙasarta ƙofar aiki nan take, dubban ɗaruruwa suka tafi da fasfonsu a hannu, ba dillali, ba kwale-kwale. A Maris 2024 Tarayyar Turai ta yi wa Masar alkawarin yuro biliyan 7.4, mafi yawansa rance, kuma cikin abin da aka ƙulla har da tsare iyaka don kada baƙin haure su tsallaka Bahar Rum. Ɗaya an buɗe wa 'ya'yanta ƙofa, ɗaya an ba ta kuɗi ta riƙe ƙofa.

Ba kuma cewa nake can aljanna ba ce. Hukumar Tarayyar Turai ce ta ce tallafin da Poland ke ba masana'antun jiragen ruwa na Gdynia da Szczecin ya saɓa doka, suka rufe a 2009, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Bulgeriya da ta shiga a 2007 tana da mutane kusan miliyan 9 a ƙarshen mulkin kwaminisanci, ƙidayar 2021 ta samu kimanin miliyan 6 da rabi. Ƙauyuka sun zama kufai, matasa sun tafi. Wanda ya san yadda garuruwan Tawa ke zama in rani ya yi, ya san irin abin.

Yanzu a dawo aljihu, don a nan iyaye a gida ke jin abin a jikinsu. Duk waɗannan ƙungiyoyi ba su hana fam ɗin Masar faɗuwa ba. Kafin Nuwamban 2016 dala ɗaya ba ta kai fam 9 ba a banki. Aka sake shi, ta haura 18. Ta zauna wajen 15 da ɗoriya har Maris 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin alkama, ita kuwa Masar tana sahun gaba a duniya wajen sayen alkama daga waje. Ta kai kusan 31 a 2023. Ranar 6 ga Maris 2024 aka sake saki, ta tsaya wajen 50. Hauhawar farashi ta taɓa kashi 38 cikin 100 a Satumban 2023. Abin da ya ceci ƙasar a lokacin ba COMESA ba ce, ba kuma BRICS ba: dala biliyan 35 ce ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a cinikin gaɓar tekun Ra'asul Hikma, da rancen IMF na dala biliyan 8, da kuɗin da 'yan ci-ranin Masar ke aikowa gida, wanda ya kusa dala biliyan 30 a 2024.

Naira ma a lokacin take nata faɗuwar, daga wajen 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500. Sai ya zama in uba ya aiko da kuɗi, makafi biyu ne suka faɗa rami tare, abin da fam ɗin ke saya kuma ya zube. Ga haya da ta yi tashin gwauron zabo tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 'yan'uwanmu na can suka kwararo. Ɗakin da ɗalibai uku ke kwana, yanzu biyar ne ko shida. Masu cewa yaro ya cika roƙo, don Allah a riƙa tambaya kafin a yi faɗa.

Shi Bamisire yana da sauran abin da gurguzu ya bar masa. Burodin tallafi, aish baladi, ya yi fiye da shekara 30 a kan ƙirshi 5, sai ranar 1 ga Yunin 2024 ya koma ƙirshi 20, kuma wajen mutum miliyan 70 ke karɓa da kati, guda biyar kowace rana. Mu baƙi na kasuwa muke saya. Tsohuwar dokar haya ma da ta sa wasu ke biyan 'yan fam kaɗan a wata a gidan da kakansu ya kama, sai a 2025 aka yi dokar da za ta kawo ƙarshenta cikin shekara bakwai. Shekara 50 bayan infitah ana kan kwance kayan Nasir, ƙulli ɗaya bayan ɗaya, kowane da tsoron 1977.

To ina mu a ciki? Yau Najeriya da Nijar da Masar duk suna cikin kasuwa ɗaya a takarda. A Yamai aka ƙaddamar da AfCFTA a Yulin 2019, Mahamadou Issoufou ne jagoranta, a wurin Muhammadu Buhari ya sa hannu bayan dogon jinkiri. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Mutanen Jibiya da Illela da Maigatari da Ɗan Isa sun san abin da aka sha. Masar tana cikin ƙasashen farko da suka fara gwajin ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar a 2022, Najeriya sai a Yulin 2024 ta tura kayanta na farko daga Legas. Bankin Afreximbank da ke ɗaukar nauyin yawancin harkar, a Abuja aka kafa shi a 1993, amma hedikwatarsa tana nan Alƙahira. In aka soke harajin kashi 90 cikin 100 na kayayyaki kamar yadda aka tsara, tsakanin Masar da arewacin Najeriya wa zai zama Kenya mai ganyen shayi? KTL ta Kaduna ta rufe tun 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Mahalla kuwa tana nan tana saƙa, har sababbin injuna aka zuba mata.

Akwai misalin da ya fi kusa da gida, wanda ba mu cika kallonsa a haka ba. Jamhuriyar Benin ta Mathieu Kérékou ta rungumi aƙidar Markisanci a 1974, ta yar da ita a ƙarshen 1989, ta yi babban taron ƙasa a Fabrairun 1990, tana cikin waɗanda suka kafa UEMOA a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa da rabi. Ta samu kuɗi mai kwanciyar hankali da tashar jirgin ruwa mai aiki. Amma da me ta rayu shekaru da dama? Da auduga, da kuma sauke shinkafa da gwanjo da tsofaffin motoci a Kwatano a tura su Najeriya, wasu ta Gaya da Maraɗi. Alhazan Maraɗi da yawa a wannan hanyar suka yi arziki. Da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka ga yadda arzikin da ya dogara da wucewar kayan wani yake da saurin tsinkewa. Nijar ɗin ma da ta bar ECOWAS ai ba ta bar UEMOA ba, sefar na nan a aljihu.

Kwanaki na raka wani Alhaji ɗan Kantin Kwari sayayya, jallabiyoyi da abayoyi da kayan yara. Shekara da shekaru yana wannan hanya. Na tambaye shi, "Alhaji, wai kun fara cin gajiyar yarjejeniyar nan ta Afirka kuwa?" Ya dube ni ya yi dariya. "Malam, wace yarjejeniya? Ni dai na san kilo. In kai wa mai kago ya auna, in biya shi da dala, in na sauka Kano in ji da mutanen filin jirgi." Bai taɓa ganin takardar shaidar asali ba, ba wanda ya taɓa yi masa bayaninta. Nairarsa sai ta zama dala kafin ta zama fam, ana yankar sa sau biyu, duk da cewa tun Janairun 2022 aka ƙaddamar da tsarin PAPSS a Akara don a riƙa biya da kuɗin gida. Bizarsa kuma kowace tafiya sabuwa.

Nan ne ma nake ganin ECOWAS, duk da laifuffukanta, ta ba talaka abin da COMESA ba ta ba shi ba. Tun yarjejeniyar 1979 Bakano ke shiga Kumasi ko Abijan ya yi kwana 90 ba biza. Tarayyar Afirka ta yi irin wannan yarjejeniya ta zirga-zirga a 2018, ƙasashe huɗu kacal suka amince da ita a hukumance: Ruwanda, Mali, Sao Tome da Nijar. A nan kuwa ɗalibin da ya shekara goma yana karatu, kowace shekara sai ya bi layin sabunta izinin zama.

Na kuma tambayi Alhajin me yake kawowa in zai zo. Ya ce kilishi da yaji da daddawa, tsarabar yara. Alhali Bamisire ba ya buɗa-baki da azumi ba karkade, wato zoɓo, kuma ba ya karin kumallo ba ɗahina da halawa, wato riɗi. Zoɓon Jigawa Meziko yake tafiya. Riɗin da ake tarawa a Maigatari da Dawanau yana bin Legas zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Fatar Kano tana Italiya da Spain. Jirgin Alƙahira zuwa Kano bai fi awa biyar ba. In zai tafi, cikinsa dam yake da atamfar ɗinki da magani da kayan lantarki. In zai dawo, ɗalibai ne a ciki da marasa lafiya da masu jinyarsu.